Kisan Myall Creek: rataye mutum 7 ya wanke Turawan Ingila a Ostareliya?

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata shari'a da aka yi a Sidni a 1838 da nake so mu baje ta a faifai. Duk inda aka zo maganar abin da Turawan Ingila suka yi wa 'yan asalin Ostareliya sai an ɗauko ta, wasu don su nuna an yi adalci, wasu don su nuna ba a yi ba.

Ga yadda abin ya faru. A arewacin New South Wales akwai wani gandun kiwo na wani attajiri mai suna Henry Dangar, a bakin rafin Myall Creek. Wasu mutanen ƙabilar Wirrayaraay sun yi makonni suna zaune a gefen gandun, domin ana ta farautar 'yan uwansu a yankin, suna ganin kusa da bukkar Bature ya fi musu aminci. Ma'aikatan gandun sun san su, suna wasa da yaransu. Ranar 10 ga Yuni da yamma sai ga mahaya 11 da bindigogi da takubba, har da jagoransu, wani ɗan mai gandu, John Fleming. Samarin ƙabilar ba sa nan, sun tafi wani gandu aikin sassaƙar ɓawon itace. Saura mata da yara da tsofaffi. Suka ruga cikin bukkar ma'aikata suna neman a ɓoye su. Aka fito da su, aka ɗaure su da igiya guda doguwa, aka kora su bayan tudu, aka kashe su, yawanci da takobi. Aƙalla mutum 28. Ɗaya daga ma'aikatan gandun, Charles Kilmeister, wanda shi ne ma ya ce su zo su zauna, ya bi mahayan aka yi da shi. Bayan kwana 2 suka dawo suka ƙone gawawwakin.

An kama 11, an yi shari'a, an rataye 7 ranar 18 ga Disamba 1838. Ni a ganina wannan ratayar ba ta wanke kowa ba. Amma ina son jin ta bakinku.

Maryam:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, laifin me suka yi?

Malam Sani:
Babu, 'yar'uwa. An ce ana sukar shanu da mashi a yankin, amma babu wanda ya nuna waɗannan ne, kuma masu gandun da suke zaune a kai ba su taɓa kuka da su ba.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, ban zo kare mulkin mallaka ba, amma ba na so a raina abin da ya faru a kotun nan. A shari'ar farko, cikin Nuwamba, masu yanke hukunci 12, dukkansu Turawa, ba su kai rabin sa'a ba suka ce babu laifi. Manyan masu gandaye sun haɗa kuɗi sun ɗauki lauyoyi, jaridar Sydney Herald tana ta hura wuta. A nan maganar ta so ta mutu. Sai babban lauyan gwamnati, John Plunkett, ya ƙi sakinsu. Tuhumar farko a kan kisan wani dattijo ce, an ce ba a iya gane gawarsa ba. Ya sake gurfanar da 7 daga cikinsu a kan kisan yaro, ya ci nasara. Gwamna Gipps kuma ya ƙi yi musu afuwa duk da matsin da ya sha.

Kuma ku dubi shaidan da aka dogara da shi. George Anderson, mai gadin bukka, shi kansa fursuna ne da aka kawo daga Ingila aka ba mai gandu ya yi masa aiki, yana ƙarƙashin ikon ubangidansa, ya san abin da zai iya samunsa. Ya ƙi bin su ranar, ya zo kotu ya faɗi abin da ya gani. Manajan gandun, William Hobbs, wanda ya je ya ƙirga ƙasusuwan da suka ƙone ya kai rahoto, ya rasa aikinsa. Waɗannan mutane sun cancanci a ambace su.

Malam Sani:
Sun cancanta, Barista, ban musa ba. Amma su wa aka rataye? Fursunoni da tsofaffin fursunoni, barorin masu dukiya. Fleming, shi kaɗai ne ɗa mai 'yanci a cikinsu kuma shi ne jagora, ko sau ɗaya bai tsaya gaban alƙali ba. Ya ɓuya a wajen danginsa, ƙura ta lafa, ya fito ya zama mutumin kirki a garinsu, har aka ba shi muƙamin ƙaramin alƙali, ya mutu da tsufansa. Sauran 4 kuma aka sallame su.

Sannan watanni 5 kafin Myall Creek, a wannan yankin dai, Manjo James Nunn ya fita da 'yan sandan doki na gwamnati suka kashe mutane da yawa a Waterloo Creek. Aka buɗe bincike, aka ja shi, aka rufe. Barori sun yi da takobi an rataye su, hafsa ya yi da kakin Sarauniya an bar shi.

Alhaji Yakubu:
Ku yi mini haƙuri, zan faɗi abin da ƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Kisan mata da yara zalunci ne, babu mai imani da zai ce a'a. Amma ina ganin muna karanta tarihin nan da ido ɗaya. Na farko, abin da ya fi ƙarar da mutanen nan cuta ce. Turawa sun sauka a 1788, a 1789 agana ta shiga ƙabilun kewayen Sidni ta kashe wajen rabinsu, ba a harba harsashi ba. Ƙyanda da mura da tarin fuka suka biyo baya. Na biyu, su ma sun kashe. A Hornet Bank a 1857 sun kashe mutum 11 cikin dare, yawancinsu 'yan gida ɗaya. A Cullin-la-ringo a 1861 sun kashe 19, har da mata da ƙananan yara. To wannan fa? Yaƙi ne, kuma a yaƙi mai ƙarfi ne ke cin ƙasa. Haka duniya take tun fil azal, mu ma a tarihinmu an ci garuruwa da yaƙi an kama bayi.

Bashir:
Alhaji, da girmamawa, mutum ya tsallako teku wata 8 a jirgin ruwa ya same ka a gidanka, sannan a ce ku biyun duk ɗaya ne?

Malam Sani:
Ranka ya daɗe, maganar cuta gaskiya ce, kuma duk masanin da ya san abin da yake yi ya yarda da ita. Sai dai cuta ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Mutumin da aka kora daga mashayarsa, aka hana shi farauta, yunwa ta ci shi, mura ma kayar da shi take. Ka duba yadda abin yake tafiya. Masaƙun Ingila suna son ulu. Mai tumaki ya kora garkensa cikin daji, inda duk ya ga ruwa da ciyawa ya kafa bukka ya ce nan nasa ne. Ƙasar kuwa busasshiya ce, tafkin da ya zaɓa shi ne wanda mutane suke sha shekara dubbai. Tumaki su dagula ruwan, su tone saiwoyin da mata ke haƙa su dafa. A Victoria akwai wata saiwa da ake kira murnong, ita ce abincin yau da kullum, cikin 'yan shekaru tumaki suka kusan ƙarar da ita. Namun daji su gudu. Mai gida ya ji yunwa ya soki tunkiya ɗaya. Sai a kira shi ɓarawo, a hau dawaki a tasam ma zangonsu da asuba, a harbi kan mai uwa da wabi. Daga tsibirin Tasmaniya a kudu har yankin Kimberley a arewa maso yamma haka aka yi ta yi sama da shekara 100.

Cullin-la-ringo da ka kawo, mutum 19 ɗin nan an san sunan kowannensu, an san kabarinsu. Waɗanda aka kashe a ramuwar gayya bayan nan ɗaruruwa ne, babu wanda ya tsaya ƙirga su, balle ya tambaya ko suna wurin ranar da abin ya faru.

Alhaji Yakubu:
Na ji. Amma ka ga kai ma ka ce babu wanda ya ƙirga. To alƙaluman da ake yaɗawa daga ina suka fito?

Barista Hadiza:
Tambayar Alhaji tana kan hanya, kuma su kansu masanan Ostareliya sun yi shekaru suna fafatawa a kanta. Henry Reynolds a 1981 ya ƙiyasta an kashe kimanin 20,000 a faɗin ƙasar. Keith Windschuttle a 2002 ya ce an zuzuta, a Tasmaniya ma abin da takardu suka tabbatar bai wuce wajen 120 ba. Wasu masana biyu, Raymond Evans da Robert Ørsted-Jensen, suka bi bayanan sintirin 'yan sanda suka ce a Queensland kaɗai ya haura 60,000. Sannan tawagar Lyndall Ryan a Jami'ar Newcastle ta zana taswira, ba ta sa wuri sai an kashe mutum 6 ko fiye a lokaci ɗaya kuma akwai hujja, ta sami wurare sama da 400 da mamata sama da 10,000.

Matsalar hanyar Windschuttle a wurina, a matsayina na lauya, ita ce ya ce ba zai yarda da kisa ba sai ya gan shi a takardar hukuma. Alhali wanda ya yi kisan shi ne mai rubuta takardar. Wanda aka kashe wa dangi kuwa doka ta rufe masa baki. A lokacin kotu ba ta karɓar shaidar ɗan asalin ƙasar, wai bai san Littafi ba don haka ba zai iya rantsuwa ba. A Myall Creek akwai wani saurayi ɗan ƙasar mai aiki a gandun da ya bi su daga nesa ya ga kisan da idonsa. Ba a iya sa shi a akwatin shaida ba, shi ya sa mutum 4 ɗin nan suka tsira. A 1839 majalisar New South Wales ta yi dokar da za ta ba su damar shaida, Landan ta soke ta. Sai 1876 aka gyara.

Maryam:
Abin da ke ɗaure mini kai, me ya hana su haɗa kai su kore su tun suna 'yan kaɗan?

Bashir:
Maryam, ba al'umma ɗaya ba ce. Harsuna sama da 250 ne, kowace ƙabila da ƙasarta da iyakarta, suna yawo cikin ƙananan zuri'o'i, babu sarki ɗaya da zai buga tambari a taru. Na Kimberley bai san abin da ke faruwa a Sidni ba sai bayan shekaru masu yawa da abin ya iso ƙofarsa. Amma kada ki ɗauka sun miƙa wuya. Pemulwuy ya yi shekara 12 yana ƙone gonaki yana kai hari a kewayen Sidni, har cikin garin Parramatta ya shiga a 1797. Da suka harbe shi a 1802 sai suka yanke kansa suka aika wa masanin tsirrai Joseph Banks a Ingila. Windradyne ya tayar da ƙabilarsa ta Wiradjuri har gwamna ya kafa dokar soja a Bathurst a 1824. Yagan a yammacin ƙasar, shi ma kansa aka yanke a 1833, aka kai Liverpool, sai 1997 jikokin ƙabilarsa suka karɓo shi. Jandamarra ya yi shekara 3 a duwatsun Kimberley da bindigar da ya ƙwace, sai da aka kawo wani mai bin sawu ɗan wata ƙabila sannan aka same shi a 1897.

Da farko ma ba a fi ƙarfinsu sosai ba. Bindigar lokacin sai an ɗura ta ta baki, kafin ka sake ɗurawa mai mashi ya jefa uku. Doki da bindigar zamani mai ɗurin baya su suka karya su.

Nura:
Salam. Ina karatu a New South Wales, kuma na je wurin. Yana kusa da wani ƙaramin gari, Bingara. Babu gini, babu ƙofa. Wata siririyar hanya ce ta jar ƙasa take lanƙwasa cikin itatuwa, a gefenta duwatsu 7, kowanne da allon ƙarfe da ke ba da wani yanki na labarin. A ƙarshenta wani ƙaton dutse yana kallon gangaren da aka yi kisan. A 2000 aka buɗe shi, kuma duk watan Yuni ana taruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jikokin waɗanda suka tsira da jikokin waɗanda suka yi kisan tare suke zuwa, tare suka yi aikin kafa shi. An sha zuwa a lalata allunan, ana gyarawa.

Amma Alhaji, a kan maganarka ta yaƙi, ka san abin mamaki? Babban gidan tunawa da yaƙe-yaƙe na ƙasar a Canberra ya yi shekaru yana cewa wannan ba ya cikin yaƙe-yaƙen da aka kafa shi dominsu. Sai 2022 suka ce za su faɗaɗa bayaninsa. Kai ka yarda yaƙi ne, su da yawansu har yanzu ba su yarda ba.

Alhaji Yakubu:
Allah ya ba da sa'ar karatu, ɗana. Zuwan jikokin nan tare ya burge ni ƙwarai.

Bashir:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Bayan Myall Creek kisan bai tsaya ba, salo ya sauya. Masu gandaye suka koyi yin shiru da ƙone gawa da kyau. Wasu suka koma ba da fulawa mai guba, kamar yadda aka yi a Kilcoy a 1842. Daga 1848 kuma gwamnati da kanta ta kafa rundunar 'yan sandan doki ta 'yan ƙasa. A ɗebo samari daga ƙabila mai nisa, waɗanda ba su da dangi a inda za a kai su, a ba su doki da kaki da bindiga, a ɗora musu hafsa Bature. Su suka share wa masu shanu hanya a Queensland har farkon ƙarni na 20.

Wannan dabarar mun san ta. A 1863 Glover, Baturen da ke mulkin garin, ya tara Hausawa a Legas, yawancinsu bayin da suka gudo, ya yi rundunar da aka kai ta yaƙar Asante. Sojojin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka yi Burmi, suka shafe Satiru a 1906 inda aka kashe wajen mutum 2,000, hafsoshin ne Turawa, masu riƙe da bindigar akasari Hausawa ne da Yarabawa.

Malam Sani:
Dabarar ɗaya ce, Bashir, daular ma ɗaya ce. Amma kada mu ce abin da ya same mu shi ya same su. A wurinmu Bature haraji yake so da gyaɗa da auduga da fata, don haka yana bukatar manomi a raye a gonarsa da sarki a kan karagarsa. Sauro ma bai bar shi ya kawo iyalinsa ya zauna ba. A can ƙasar kanta yake so, mutanen da ke kanta kuwa cikas ne. Shi ya sa mu muka wayi gari a 1960 da harshenmu da gonakinmu, su kuwa mutanen da ake ƙiyasta sun kai daga 300,000 zuwa kusan miliyan 1 kafin zuwan Turawa suka koma ƙasa da 100,000 zuwa shekarun 1930.

Ku dubi Tasmaniya. A 1830 Gwamna Arthur ya jera mutum sama da 2,000, soja da farar hula, suka yi sahu suna tafe suna kora, don su tattara duk wanda ya rage su cusa shi a wani lungu na tsibirin. Mutum 2 suka kama. Abin da sahun bai yi ba sai lallashi ya yi: George Robinson ya bi su da alkawarin za su dawo ƙasarsu, aka kwashe su zuwa tsibirin Flinders, suka yi ta mutuwa. A 1847 mutum 47 suka rage a can. Truganini, wata mace daga cikin waɗanda suka rage, ta roƙi kada a taɓa gawarta, ta rasu a 1876, aka baje ƙasusuwanta a gidan tarihi mutane suna kallo har 1947.

Barista Hadiza:
Bari in koma kan maganar Alhaji, don ina ganin a nan ƙullin yake. Alhaji ya ce yaƙi ne. To in yaƙi ne, su al'umma ce mai ƙasa, wanda aka kama fursunan yaƙi ne, kuma a ƙarshe sai an zauna an yi yarjejeniya, kamar yadda Ingila ta yi da Maori, 'yan asalin New Zealand, a Waitangi a 1840. In kuma ba yaƙi ba ne, su talakawan Sarauniya ne kamar yadda doka ta ce, to duk wanda ya harbe su mai kisan kai ne, igiya ce hukuncinsa. Hukuma ta ƙi ɗaukar ko ɗaya. In ɗan ƙasa ya kashe Bature sai a ce talakan Sarauniya ne ya yi laifi, a rataye shi. In Bature ya kashe su 30 sai a ce ai fagen fama ne. A 1835 da wani Bature, John Batman, ya ƙulla wata yarjejeniyar sayen ƙasa da dattawan ƙabilar Wurundjeri, duk da cewa zamba ce a cikinta, Gwamna Bourke ya soke ta, hujjarsa ita ce ƙasar ta Sarki ce, su ba su da abin sayarwa. Wannan matsayi bai faɗi ba sai a shari'ar Mabo a 1992, inda babbar kotun ƙasar ta yarda 'yan asalin ƙasar suna da haƙƙi a kan ƙasarsu tun kafin zuwan Turawa.

Shi ya sa nake riƙe da Myall Creek. Rana ɗaya ce da aka tilasta wa doka ta cika maganarta, kuma saboda ita muke da shaidar rantsuwa da ba mai iya ƙaryatawa.

Malam Sani:
A kan shaidar na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Har mai gadin kurkukun ya ba da rahoton cewa mutanen 7 sun amsa laifinsu, suka ce ba su san doka ta hana ba, tunda abu ne da aka saba yi a ƙasar. Inda muka rabu shi ne, ke kina ganin doka ce ta yi aiki sau ɗaya, ni ina ganin mutum 3 ko 4 ne suka yi taurin kai sau ɗaya, tsarin kuma ya tabbatar ba a sake ba. Shekara 90 bayan nan, a 1928, a Coniston, an kashe Bature ɗaya mai farautar karnukan daji, ɗan sanda George Murray ya fita sintiri. Da bakinsu suka amsa sun kashe 31, mutanen yankin suna cewa ya fi haka nesa. Kwamitin bincike ya zauna ya ce kare kai ne. Lokacin akwai mota, akwai rediyo, akwai Majalisar Ƙasashe a Geneva.

Alhaji Yakubu:
Barista, wannan bayanin naki na baki biyu da hukuma ta yi ya shige ni, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma ina nan kan cewa cuta ta fi bindiga kisa, kuma ba na son a koya wa yaranmu cewa mugunta launin fata gare ta. Wanda ya ba da shaida Bature ne, wanda ya riƙe bindiga a Queensland baƙi ne.

Barista Hadiza:
A kan wannan ba mu da saɓani, Alhaji.

Maryam:
Yaya Nura, to yanzu an yi yarjejeniyar da su? An mayar musu da ƙasar?

Nura:
Gwamnatin tarayya ba ta yi yarjejeniya da su ba har yau. Bayan Mabo an yi dokar 1993 da ta ba ƙabila damar neman haƙƙin ƙasarta, amma sai ta tabbatar wa kotu cewa alaƙarta da wurin ba ta yanke ba tun zuwan Turawa, kuma ba a taɓa filin da ya riga ya zama mallakin wani. Kin ga ke nan waɗanda aka fi kashewa aka fi tarwatsawa su ne suka fi shan wuyar kawo hujja. Yawancin abin da aka samu a hamada ne da can arewa. A 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa, musamman kan 'ya'yansu da hukuma ta riƙa ƙwacewa. A Oktoba 2023 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba su majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, kuma babu jiha ko ɗaya da ta amince.